Gasar Ahmad Shah Abdali: makarantar da aka hana wa jarrabawa

A ƙarshen 2017 wani matashi ɗan Afganistan mai suna Bahir Shah, wanda bai kai shekara 20 ba, ya rikita masu ajiye alƙaluman wasan kurket na duniya. A wasansa na farko a matakin ajin farko, wato dogon wasan da ake kwanaki ana bugawa, ya ci maki 256 ba a fitar da shi ba. Bayan 'yan makonni ya ci 303, nan ma abokan hamayya suka gaji suka bar shi a tsaye. A tarihin wasan gaba ɗaya, Javed Miandad na Pakistan ne kaɗai ya taɓa kai 300 yana da ƙarancin shekaru fiye da shi. Da kaka ta ƙare yana da maki 1,096, kuma matsakaicin abin da yake ci kafin a fitar da shi ya kai 121.77. Don Bradman na Ostireliya, wanda duk mai bin kurket ke auna gwanaye da shi, ya yi ritaya ne da 95.14 a wannan mataki.

Bahir Shah bai buga wa ƙasarsa wasan Test, wato wasan ƙasa da ƙasa na kwana biyar, ba sai a watan Yunin 2023, a Bangaladash, shi ma don kyaftin ya ji rauni a kai aka sa shi ya maye gurbinsa. Ban ce an zalunce shi ba. Wasannin Test ɗin ne babu.

Gasar da ya yi wannan bajinta a cikinta ita ce gasar kwana huɗu ta Ahmad Shah Abdali, wadda aka sa wa sunan sarkin da ya kafa daular Durrani a Kandahar a 1747. An ɗan jima ana buga ta kafin Hukumar Kurket ta Duniya, ICC, ta ba ta matsayin ajin farko a Fabrairun 2017, wata huɗu kafin a karɓi Afganistan da Ailan a matsayin cikakkun mambobi a ranar 22 ga Yuni. Ƙungiyoyin da suka fara ta a sabon matsayin guda biyar ne, kowace tana wakiltar wani yanki. Amo ta arewa ce, an ɗauko sunanta daga kogin Amu Darya da ya raba ƙasar da Uzbekistan da Tajikistan. Band-e-Amir ta tsakiya ce, sunan tafkunan nan na lardin Bamiyan. Boost ta kudu maso yamma ce, wajen Kandahar da Helmand. Mis Ainak ta kudu maso gabas, wajen Khost da Paktiya da Logar, inda ma'adinin tagulla yake. Speen Ghar kuma ta gabas, Nangarhar da Kunar da Laghman, ƙungiyar Bahir Shah kenan. Kabul ta shigo ta shida a 2018.

Ra'ayina shi ne wannan gasa, wadda ba ta da 'yan kallo na a zo a gani, ba ta kawo kuɗin talabijin, ita ce abu mafi daraja da kurket ɗin Afganistan ya mallaka, kuma ita ce aka fi wofintarwa, a gida da waje.

Wanda ya saba da ƙwallon ƙafa zai yi mamakin wasa guda ya ci kwana huɗu, har ma a tashi canjaras. A kurket ɗin ajin farko kowace ƙungiya tana shiga dukan ƙwallo zubi biyu, kuma ba za ka yi nasara ba sai ka fitar da abokan hamayya duka a zubi biyun, wato mutum 20. Ba a ƙayyade yawan jifa ba. Mai duka zai iya wuni a fili tun hantsi har la'asar sakaliya, kuma babban abin da yake koya shi ne sanin ƙwallon da zai ƙyale ta wuce. Mai jifa kuwa zai yi ta jifa awa da awanni yana haƙa wa mutum ɗaya rami, yana jiran kuskure guda. Jar ƙwallon da ake dogon wasa da ita tana tsufa, tsirin ƙasar da ake jifa a kai yana tsattsagewa, wasan rana ta huɗu ba irin na rana ta farko ba ne. A T20 kuma kowace ƙungiya jifa 120 take samu, an gama cikin awa uku da ɗoriya. Can zafin nama ake saye. Nan haƙuri ake nema, da lissafi, da jiki mai jure rana.

Afganistan ta yi suna ne a gajeren wasa, kuma ta cancanci sunan. A gasar cin kofin duniya ta 2023 ta doke Ingila a Delhi, ta doke Pakistan a Chennai, ta doke Sri Lanka. A ta T20 ta 2024 ta lallasa Niyu Zilan da Ostireliya ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Amma a tuna yadda wancan wasa ya kasance: Afirka ta Kudu ta fitar da su duka da maki 56 a kan fili mai wuyar sha'ani a Tirinidad. Ranar da fili ya ƙi ba da haɗin kai, duka da ƙarfi ba ya fisshe ka, sai wanda ya iya tsayawa ya kare kansa ya jira. Wannan darasi ba a koyar da shi a gasannin T20 na Dubai ko Indiya da ake hayar 'yan wasa.

An riga an ga haka tun a Yunin 2018, a Test ɗinsu na farko, da Indiya a Bengaluru. Indiya ta ci 474. Afganistan ta ci 109, aka sake tura ta ta ci 103, duka a rana ɗaya. Wasan kwana biyar ya ƙare a kwana biyu. Mujeeb Ur Rahman, wanda a lokacin sunansa ya riga ya zagaya saboda IPL, gasar T20 ta Indiya, bai taɓa buga wasan ajin farko ko sau ɗaya ba kafin wannan rana. Test ɗin shi ne na farkonsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gasar Ahmad Shah Abdali a lokacin ba ta cika shekara ɗaya da rabi da samun matsayinta ba.

Akwai wani abu da ake mantawa. Tsofaffin 'yan wasan Afganistan ba a gida suka koyi dogon wasa ba. Kurket ya shigo ƙasar ne a hannun 'yan gudun hijirar da suka girma a sansanonin Peshawar, irin su Kacha Gari, kuma hukumar wasan ma a 1995 aka kafa ta. Inda suka goge da jar ƙwallo shi ne gasar Intercontinental Cup da ICC ke shirya wa ƙananan ƙasashe. Sun ci kofin a kakar 2009 zuwa 2010, sun sake ci a ta 2015 zuwa 2017. A Fabrairun 2010 a Sharja suka bi maki 494 da Kanada ta ajiye musu suka cim masa, Mohammad Shahzad ya ci 214. Bayan 2017 ICC ba ta sake shirya wannan gasa ba. Saboda haka yaron da ya taso yau a Khost ko Asadabad ba shi da wani wurin da zai koyi wasan kwana huɗu in ba a gasar cikin gida ba.

Kuma a ƙasarsa zai koya, gaban mutanensa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙasar da ba ta taɓa karɓar baƙuncin wasan ƙasa da ƙasa na hukuma ba. Wasannin da ake kira na gida an buga su ne a Sharja da Abu Dabi, da Dehradun da Lucknow da Greater Noida a Indiya. A Satumban 2024 aka shirya Test da Niyu Zilan a Greater Noida, aka yi kwana biyar ana kallon jiƙaƙƙen fili, har da kawo fankoki don a busar da shi, ba a jefa ƙwallo ko ɗaya ba. Masu masaukin da su kansu baƙi ne ba su da ta cewa. Dattijon Jalalabad da ke son ya ga kurket na gaske da idonsa, filin Ghazi Amanullah zai je, ya ga wasan gasar cikin gida. Ba shi da wani zaɓi, kuma ina ganin hakan ya isa dalilin a riƙe gasar da hannu biyu.

Sunayen yankunan ma suna ɗauke da wani buri. Kowa ya san kurket ya fi kafuwa a gabas da kudu maso gabas, ƙasar Pashtun da ke iyaka da Pakistan. A arewa ƙwallon ƙafa da buzkashi, wasan nan na dawaki, sun fi shi jama'a. Kafa ƙungiya da sunan Amo, da wata da sunan tafkunan Bamiyan na ƙasar Hazara, yana nufin an ce wasan na kowa ne, ko da kuwa gaskiyar ba ta kai nan ba tukuna. A ƙasar da ƙabilanci ya ci rayuka masu yawa, ban raina wannan buri ba.

To amma kada a ce na rufe ido. Alƙaluman gasar suna da abin tuhuma. A Afrilun 2018 Shafiqullah Shafaq na Kabul ya ci maki 200 daga jifa 89 kacal a kan Boost, a Asadabad, wanda ya zama mafi saurin 200 a duk tarihin ajin farko. Abin burgewa ne, amma mai hankali zai tambaya: wane irin jifa ake yi masa, kuma a wane irin fili? In matashi ya wuce Bradman a kakarsa ta farko, wani kuma ya karya tarihin duniya bayan wata shida a gasa ɗaya, to ba gwanintar masu duka kaɗai ake gani ba, har da raunin masu jifa da laushin fili. Masu cewa ICC ta yi gaggawar ba gasar matsayi suna da hujja a nan. Inda na rabu da su shi ne maganin. Gasar da ke da rauni ƙarfafa ta ake yi. Bangaladash ta samu matsayin Test a 2000, kuma sai da ta buga wasa fiye da 30 kafin ta ci na farko a 2005. Niyu Zilan ta jira shekara 26. Afganistan ta ci Test ɗinta na biyu, da Ailan a Dehradun a Maris 2019, ta kuma ci na uku a Chattogram a Satumba, inda ta doke Bangaladash a gidanta da maki 224, Rashid Khan ya fitar da mutum 11, Rahmat Shah ya zama ɗan ƙasar na farko da ya ci ɗari a Test.

Wanda ke shakkar ko akwai abin da dogon wasa ke ginawa, ya duba Bulawayo a ƙarshen 2024. Zimbabuwe ta ci 586. Afganistan ta amsa da 699, Rahmat Shah 234, Hashmatullah Shahidi 246, su biyun suka wuni cur a fili ba a raba su ba. A wasa na biyu Ismat Alam, sabon shiga da ya fito daga gasannin cikin gida, ya tashi ba ko maki ɗaya a zubin farko, ya dawo ya ci 101 a na biyu, suka ci wasan suka ɗauki jerin. Rahmat da Hashmatullah ba su ne taurarin da ake rububi a kasuwar T20 ba. Irin 'yan wasan da sai dogon wasa ke nuna darajarsu ne.

Matsalar ita ce lissafin da yaro mai hazaƙa zai yi, kuma ba wauta yake yi ba. Yana ganin Rashid Khan tun 2017 a IPL, daga Sunrisers Hyderabad zuwa Gujarat Titans, yana samun a wata biyu abin da gasar cikin gida ba za ta ba mutum ba a tsawon rayuwarsa ta wasa. Yana ganin Mohammad Nabi ya ajiye Test tun 2019. Yana ganin Naveen-ul-Haq ya bar wasan kwana ɗaya yana da shekara 24. A Disamban 2023 Hukumar Kurket ta Afganistan ta ɗauki mataki a kan Naveen da Mujeeb da Fazalhaq Farooqi saboda sun nemi a sake su daga kwantiragin ƙasa don su samu sararin buga gasannin waje, bayan 'yan makonni kuma ta sassauta. Ban ga laifin 'yan wasan ba. Mutumin da dangi ashirin ke jiran abin da zai aiko, a ƙasar da tattalin arzikinta ya durƙushe, ba za ka ce masa ya zaɓi kwana huɗu a rana a Khost ya bar daloli ba. Takunkumi ba ya sa mutum son jar ƙwallo. Abin da zai sa shi ne ya ga akwai inda hanyar ke kaiwa.

Nan ne laifin manyan ƙasashe yake. Daga Yunin 2018 zuwa Janairun 2025 Afganistan ta buga Test 11. Ingila ta buga 17 a 2024 kaɗai. A 2020 da 2022 Afganistan ba ta buga ko ɗaya ba. A duk wannan tsawon lokaci Ingila da Ostireliya da Pakistan da Afirka ta Kudu ba su kara da ita a Test ba ko sau ɗaya. Gasar zakarun Test ta duniya da aka fara a 2019 ƙasashe tara ta ɗauka, aka bar Afganistan da Ailan da Zimbabuwe a waje suna ta zagaya junansu. An ba su takardar zama manya, an hana su zama a majalisar manya. Ka buɗe makaranta, ka ɗauki ɗalibai, ka ce su yi ta karatu, amma jarrabawar sau ɗaya a shekara biyu ake yi, wani lokacin ma a soke ta, sannan ka dawo kana mamakin me ya sa ɗaliban ke gudu kasuwa.

Za a ce ai akwai dalili, kuma dalilin ba na wasa ba ne. Tun da Taliban suka dawo mulki a Agustan 2021 aka hana mata wasanni, aka rufe wa 'yan mata makarantun sakandare, a Disamban 2022 aka haɗa da jami'a. Mata 25 da hukumar kurket ta ba kwantiragi a Nuwamban 2020 yawancinsu sun tsere Ostireliya. Ƙa'idar ICC ta ce cikakkiyar mamba sai tana da kurket na mata. Duk yabon da na yi wa gasar Ahmad Shah Abdali, gasa ce ta rabin al'umma, ɗaya rabin kuwa ko a matsayin ɗalibai ba a yarda da su ba. Kuma kada wani ya ce mana Musulunci ne ya hana. Pakistan tana da ƙungiyar mata da ta ci zinare a wasannin Asiya a 2010 da 2014. Matan Bangaladash sun doke Indiya sun ɗauki kofin Asiya a 2018. Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi da kanta ta soki hana mata karatun jami'a.

Sai dai a duba yadda ake ƙauracewar. Ostireliya ta soke Test ɗin da aka shirya a Hobart a Nuwamban 2021, ta janye daga wasannin kwana ɗaya a 2023, ta ɗage na T20 a 2024. Amma in an zo gasar cin kofin duniya, inda akwai maki da kofi da kuɗin talabijin, sai ta fito fili ta buga: a Adelaide a 2022, a Mumbai a 2023 inda Glenn Maxwell ya ci 201, a tsibirin Saint Vincent a 2024 inda ta sha kashi. A farkon 2025 'yan majalisar Birtaniya fiye da 160 suka nemi Ingila ta ƙi buga wasa da Afganistan a gasar Champions Trophy, Ingila ta buga a Lahore, Ibrahim Zadran ya ci 177 ya kore ta daga gasar. Wato wasan da ba ya kawo riba shi ake sadaukarwa da sunan aƙida, wanda ke kawo riba kuma a nemo masa uzuri. An bar jaki ana dukan taiki. Babu yarinya ɗaya a Herat da ta koma aji saboda an soke wasan Hobart. Wanda ya yi asara shi ne mai jifan da ya shekara biyar yana zufa a gasar yankuna yana jiran kwana biyar ɗin nan. Kuma daga cikin 'yan Afganistan ƙalilan da ke iya buɗe baki a ji su, akwai 'yan kurket: a Disamban 2024 Rashid Khan da Mohammad Nabi sun fito fili sun soki hana mata karatun jinya da ungozoma. Muryar da suka yi magana da ita a fili suka samo ta.

Abin da ya fi ma'ana a wurina shi ne a taɓa kuɗi, ba jadawalin wasa ba. ICC na raba kuɗin shiga ga mambobinta, Indiya na ɗaukar kashi 38 da ɗoriya cikin 100, Afganistan ba ta kai kashi 3 ba. A cikin rabon Afganistan ɗin akwai haƙƙin matan da hukumar ba ta iya kashe wa ko sisi. A cire shi a miƙa wa waɗanda ke gudun hijira, a amince da su a matsayin ƙungiya. Sun nuna suna nan: a ranar 30 ga Janairun 2025 suka buga wasa tare a filin Junction Oval na Melbourne, karon farko tun da suka bar gida. A Afrilun 2025 ICC ta sanar da asusun tallafa musu tare da hukumomin Indiya da Ingila da Ostireliya. An makara da shekara uku da rabi, kuma tallafi ba amincewa ba ne, amma hanyar kenan.

Ita ma hukumar Afganistan tana da nata aikin, wanda ba ya jiran kowa. Ta tsayar wa gasar lokaci guda a kowace shekara wanda ba ya karo da manyan gasannin haya, don ko sau biyu a kaka matashin mai duka ya fuskanci jifan ɗan wasan ƙasa, ya san inda yake. Ta kashe kuɗi a kan masu gyaran fili, a samu wuraren da ƙwallo ke tashi tana kaucewa, saboda ƙasar da ta cika da masu murza ƙwallo ba za ta san rauninta ba sai ta je inda ake jifan gudu; a Mirpur a 2023 masu jifan gudun Bangaladash ne suka fi yi musu ɓarna, aka doke su da maki 546. Ta sa albashin wanda ya zaɓi dogon wasa ya zama abin da zai riƙe gida. Sannan duk shekara ta tattara waɗanda suka fi fice a gasar, ta tura su a matsayin ƙungiya ta biyu su buga wasannin kwana huɗu a waje. Wannan ba ya buƙatar izinin Landan ko Melbourne. Sri Lanka da Zimbabuwe da Ailan da Bangaladash duk suna da matasan da ke neman abokan karawa, kuma tikitin jirgin mutum 15 zuwa Kolombo ko Bulawayo bai fi ƙarfin hukumar da ke karɓar miliyoyin daloli daga ICC duk shekara ba.